Kasuwar ƴan ƙwallo: Maraɗi na kiwo, wasu na tatsa

Kowace shekara, da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, sai wata kasuwa ta buɗe wadda ba ta da ranar ci kuma ba ta da sarki. Hajarta ƴan wasa ne, kuɗinta kuwa yawanci “an ce” ne. An ce mai tsaron gidan ƙungiya kaza ya karɓi kuɗin sa hannu a Yamai. An ce ɗan gaban da ya fi kowa jefa ƙwallo a Maraɗi ya ƙetare iyaka, an gan shi a Katsina. An ce wani dillali ya sauka da takardar gayyata daga Turai a cikin jakarsa. Da can sai an jira motar Maraɗi ta iso tashar Tasawa kafin labari ya samu. Yau kuwa maganar da aka yi da hantsi a wata fada ta Yamai, kafin la'asar ta riga ta shiga wayoyin samarin Kona, ta wuce Korgom da Hawandawaki, ta kai Mayahi da Kanambakashe, kuma a kowane zango sai an ƙara wa farashin sifiri ɗaya.

Masu karatunmu, waɗanda akasarinsu ƴan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, suna iya cewa wannan hirar masu shan shayi ce, ba ta kai a ba ta wannan shafi ba. Mu muna ganin ta kai. A ƙarƙashin surutun akwai ciniki na gaske, ana miƙa kuɗi ana karɓa, kuma jihar da ta fi kowace jiha a Nijar sunan iya ciniki ita ce ke fita daga wannan kasuwa hannu rabbana. Dalilin bai wuce ɗaya ba: ba mu rubutawa. Yaro yana tashi a hannunmu, ya ƙware a filinmu, ya tafi, ba tare da akwai takarda guda da ke nuna cewa ya taɓa zama namu ba.

Mu ɗauki misalin da masu bin ƙwallo suka sani. A kakar 2021 zuwa 2022 ƙungiyar jandarmomi, USGN, ta kai matakin rukuni a gasar Kofin Ƙalubale ta Afirka, inda ta haɗu da Berkane ta Maroko, da ASEC ta Abijan, da Simba ta Tanzaniya. Victorien Adebayor ya yi wasan da ya sa magoya bayan Simba suka kwana da sunansa a baki. Da aka shiga hutu, jaridun Tanzaniya suka shafe makonni suna kai shi Darussalam suna dawowa da shi: yau an daidaita, gobe saura sa hannu. Ƙarshenta a Berkane ya sauka. Duk wannan hayaniya ba ta ci wa kowa dukiya ba, domin mutumin yana da kwantiragi a rubuce, an san wanda ke riƙe da takardunsa, kuma duk mai son sa dole ya je ya yi sallama a ƙofar da ta dace ya yi tayi. Ga ɗan wasa irin wannan, jita-jita ma talla ce, tana ɗaga farashi. Ga yaron da ya tashi a filin lakwal na Kona, wanda ba shi da lisansi, jita-jita ita ce cinikin gaba ɗaya. Wani ya gan shi a gasar babban hutu, ya yi masa magana a bayan fili, ya ba shi kuɗin mota. Shi ke nan an sayar, an saya, kuma waɗanda suka yi shekaru suna saya masa takalmi sai dai su ji labari a bakin direba.

Tarihin gasar ƙasa yana nuna inda wannan hanya take kaiwa. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin gasar. A 1984 Espoir ta Damagaram ta ɗauka. Dattawan da suka ga waɗannan shekaru biyu sun zaci an buɗe ƙofa ke nan, ashe rufe ta aka yi. Daga 1985 har zuwa 2025, duk shekarar da aka kammala gasar, a Yamai kofin ya kwana. A cikin Yamai ɗin ma ya sauya hannu. Da can Sahel da Olympic da Zumunta ne, ƙungiyoyin unguwa masu magoya baya na jini da tsoka. Olympic ta ci a 2012, daga nan kuma sai masu kaki da kamfanonin gwamnati: AS Douanes ta ƴan duwan a 2013 da 2015, AS GNN ta ƴan gardi a 2014, AS FAN ta sojoji a 2016 da 2017, SONIDEP a 2018 da 2019, jandarmomi a 2021, NIGELEC a 2022, ƴan gardi kuma a 2023 da 2024, sojoji a 2025. Shekarar 2020 kaɗai ta fita daga lissafi, ita ma annobar korona ce ta tsayar da wasa.

Ba mu ga laifin yaron da ya tafi ba, kuma duk wanda ya ce ya ga laifinsa bai taɓa ciyar da gida daga gonar tudu ba. A gefe guda ga ƙungiyar gari, wadda albashinta ya rataya a kan yadda kasuwar shugabanta ta ci a wannan wata. A ɗaya gefen ga ƙungiyar da ke jingine da hukuma, mai kasafin kuɗi, wadda ƙarshen wata yake ƙarshen wata a wurinta, wani lokaci ma har da fatan samun aiki in ƙafa ta gaji. Uban da ke Kona, wanda ya san abin da damina ɗaya marar kyau take yi wa rumbu, ba zai ce wa ɗansa ya zauna don kishin Ɗan Kasawa ko Jangorzo ba. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajera ce, shekara goma in Allah ya kiyaye gwiwa. Ya tafi inda ake biya, mu ma addu'a za mu bi shi da ita.

Ba mu kuma ce ƙungiyoyin hukuma ba su yi wa ƙasa aiki ba. AS FAN ce ta kai Nijar matakin rukuni a gasar Afirka a 2010, USGN ta maimaita bayan shekara goma sha ɗaya, kuma ƴan wasan gida ne suka kai Mena mataki na huɗu a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023. Amma akwai tambayar da ma'aikaci mai sanin kasafi ya kamata ya yi. Kuɗin da waɗannan ƙungiyoyi ke ɗaukar ƴan wasa da su, ko ta wace hanya suka bi, daga aljihun jama'a suka fito: daga takardar wutar lantarki, daga litar mai, daga abin da ake biya a ofishin duwan na Ɗan Isa. Ɗan kasuwar Tasawa da ya saya wa yaran unguwarsu riguna shi ne kuma, ta wata ƙofar, ya biya kuɗin da aka ɗauke masa gwanin cikinsu. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi (gardin kura muke nufi, kada masu kaki su ɗauka da su ake). In dukiyar kowa ce ke sayen yaro, adalci ne wani abu daga cikinta ya koma inda aka rene shi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan ba roƙo ba ne. Doka ce, kuma ta fi shekara ashirin a rubuce. Asalinta daga wani ɗan wasan Beljiyam ne mai suna Jean-Marc Bosman. Kwantiraginsa da ƙungiyar Liège ya ƙare a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, ƙungiyarsa ta tsaya a kan kuɗin da ya hana tafiyar. Ya kai ƙara, aka yi shekara biyar ana shari'a, ran 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya: ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ɗa ne, ba a tsare shi don kuɗi. Hukuncin ya ƴanta ƴan wasa, amma ya bar ƙananan ƙungiyoyi cikin tsoro, domin wa zai ci gaba da reno in babba zai zo ya ɗauka kyauta? Saboda haka a 2001 FIFA ta sake dokokin sauya ƙungiya, ta saka hakki iri biyu ga masu reno. Ya kamata duk shugaban ƙungiya a jihar Maraɗi ya san su kamar yadda ya san farashin tiyar wake.

Na farko shi ne ladan horo. Ana lissafa shekarun da yaro ya yi a ƙungiya daga shekara 12 zuwa 21, kuma ranar da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na sana'a a wata ƙasa, sabuwar ƙungiyar za ta biya duk waɗanda suka rene shi. Abin lura, da ma'aunin ƙungiyar da ta ɗauka ake auna kuɗin, wato abin da ita za ta kashe in da ita ta yi renon. A Turai FIFA ta kasa ƙungiyoyi aji huɗu: Yuro dubu 90 a shekara ga ajin farko, dubu 60 ga na biyu, dubu 30 ga na uku, dubu 10 ga na huɗu, kuma shekarun 12 zuwa 15 da ma'aunin aji na huɗu ake lissafa su. Mu yi lissafin tare, tun da masu karatunmu ba baƙin lissafi ba ne. A ce wata ƙungiya a Tasawa ta riƙe yaro da lisansi daga shekara 12 zuwa 17, ya cika 18 ya sa hannu a wata matsakaiciyar ƙungiyar Turai mai aji na uku. Shekara huɗu a kan dubu 10, shekara biyu a kan dubu 30, jimla Yuro dubu 100. Da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, wannan ya haura sefa miliyan 65. A kan yaro ɗaya, wanda ba a ma san ko zai yi suna ba.

Na biyu shi ne kason zumunci. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi. Ƙungiyarmu ta Tasawa, da shekarunta shida, tana da kashi 2 cikin 100. In aka sayar da yaron Yuro miliyan ɗaya, tana da dubu 20, wajen sefa miliyan 13. In aka sake sayar da shi bayan shekara uku, ta sake karɓa, haka har ya rataye takalmi. Wannan shi ne muhimmi, domin kuɗin ɗan wasan Afirka ba a cinikin farko suke ba. Moussa Maazou ya bar AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008. Bai fi shekara guda da kaɗan ba Lokeren ta sayar da shi ga CSKA ta Mosko a kan miliyoyin Yuro, daga can aka ba da aronsa ga Monaco, sannan Bordeaux. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da gyaɗa a bakin gona, ya kuma ga farashinta bayan ta zama mai, ya gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai akwai ƙugiya a cikin dokar, kuma a nan ne jiharmu ke zubar da nononta. Ladan horo na dukan masu reno sau ɗaya ake biyansa, ranar kwantiragin farko. Bayan wannan, in ɗan wasan ya sake sauya wuri kafin ya wuce shekara 23, ƙungiyar da ya baro kaɗai ke da hakki. To in kwantiragin farkon a Yamai aka yi shi fa? Nan dokar FIFA ta tsaya a bakin ƙofa, domin sauyin cikin gida al'amarin hukumar ƙasa ne. Abin da FIFA ta wajabta shi ne kowace hukuma ta tanadi tsarinta na saka wa ƙungiyoyin da ke renon yara. Ke nan tsakanin Maraɗi da Yamai, littafin FENIFOOT ne alƙali. Muna neman hukumar ta fito da wannan sashe na dokokinta fili, a juya shi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta a gidajen rediyo kafin a buɗe kowace kasuwar ƴan wasa, a kuma buga jerin waɗanda suka sauya ƙungiya bayan an rufe ta: wane daga ina zuwa ina, nawa aka biya, wa ya karɓa. Djibrilla Hima Hamidou, wanda ya hau kujerar shugabancin hukumar a 2009, an zaɓe shi cikin majalisar FIFA a watan Maris na 2025. Ƙasar da ɗanta ya kai teburin da ake rubuta dokar ba ta da hujjar barin ƙauyukanta cikin duhunta.

Amma ko an buga doka da ruwan zinari, ba ta aiki sai da shaida, shaidar kuwa lisansi ne. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris wanda ta hannunsa ake biyan waɗannan kuɗi. Da ɗan wasa ya sa hannu, na'ura ke tattara tarihinsa daga rajistar hukumomin ƙasashe, ta fitar da abin da suke kira fasfon ɗan wasa, shekara bi shekara, ƙungiya bi ƙungiya. Wanda sunansa ya fito a ciki, in ƙungiyarsa tana da rajista da asusun banki, kuɗinsa za su same shi ko bai san Faris ba. Shekarar da ba a yi wa yaro lisansi ba kuwa fanko take fitowa, kuma ba a biyan fanko. Na'ura ba ta san cewa mushen lakwal ne ya koya masa tare ƙwallo ba, ba ta san Alhajin da ya biya kuɗin asibiti ranar da ya karye ba. Gasar babban hutu da ake yi a garuruwanmu, wadda ke tara jama'a kamar ranar salla, a idon wannan rajista ba a taɓa buga ta ba.

A dubi Senegal. Sadio Mané ɗan ƙauyen Bambali ne a kudancin ƙasar, ƙauyen da bai fi namu gata ba. Makarantar ƙwallo ta Génération Foot da ke Dakar, wadda Mady Touré ya kafa a 2000 kuma ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ita ta ɗauke shi ta yi masa takardu. Daga Metz ya tafi Salzburg a 2012, Southampton a 2014, Liverpool a 2016, Bayern a 2022, kuma kowane ciniki yana da kason da doka ta ware wa masu reno. Bambali ta samu asibiti da makaranta, gaskiya ne, amma daga kirkin ɗanta ta samu, kuma ba kowane ɗa ke tunawa ba. Abin da makarantar Dakar ke samu bai dogara da kirkin kowa ba.

Lisansi kuma yana tsaye ne a kan wata takarda da ta riga shi, kuma a nan maganar ta dawo kan ma'aikatan gwamnati. Takardar haihuwa. Kowa ya san yawan yaran karkararmu da ba a rubuta haihuwarsu a kan lokaci ba, sai ranar jarrabawar lakwal ta matso a ruga wurin alƙali a yanko takardar maye gurbi, a sa ɗaya ga Janairu ko a ce an haife shi wajejen shekara kaza. Kowa ya san kuma yadda wannan ƙofa ke ba da damar aske shekaru uku ko huɗu in wani ya ce Turawa yara suke so. Mun riga mun biya kuɗin wannan ɗabi'a da tsada. A 2009, a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Aljeriya, yaranmu sun kai kusa da na ƙarshe, abin da ke nufin sun samu kujerar gasar duniya da za a yi nan kusa da mu, a Nijeriya. Aka kore su a kan maganar shekaru, aka ba Malawi gurbinsu. A wannan shekarar ce FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara. Sai a 2017 muka wanke fuska, da yaranmu suka je Indiya suka ci Koriya ta Arewa ɗaya da nema suka fito daga rukuni. Sakataren da ke zaune a ofishin magajin garin Kona ko na Maijirgi yana rubuta haihuwa da ranarta ta gaskiya, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne farkon wanda ke aiki a kasuwar ƴan wasa. Wanda kuma ya karɓi ɗan goro ya rage wa yaro shekara, ya rage wa garinsu kuɗi ne, domin takardar da ta ci karo da wata takarda a rajistar duniya tana iya rushe hakkin gaba ɗaya, ta kuma jawo wa yaron dakatarwa.

Mu ƴan Nijar ma ai mun fi kowa sanin amfanin karanta doka, tun da rashin karatun wasu ya taɓa yi mana rana. A watan Oktoba na 2011 Masar ta ci Mena uku da nema a Alƙahira. A ranar, Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, ƴan wasanta suka yi ta rawa a fili suna zaton yawan ƙwallaye ya kai su gasar Afirka. Ashe dokar ta ce in maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ƙungiyoyin suka yi tsakaninsu ake dubawa. Harouna Doula da yaransa suka tafi Gabon a 2012, karon farko a tarihinmu. Mun yi wa mutanen Johannesburg dariya shekara guda cur. Ga shi a kan dokar sauya ƙungiya mu ne ke rawa a fili.

Rashin takarda ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har da yara. A cikin masu yawo a bayan fili lokacin hutu akwai dillalai na gaskiya, akwai kuma waɗanda jarinsu waya ce da hoton da suka ɗauka da wani shahararren ɗan wasa. Iyaye su riƙe abu biyu. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, in ban da wasu ƴan dalilai ƙayyadaddu da ba su shafi yaron Kona ba, saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 16 Turai ya sa hannu, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa takardar ƙarya zai yi. Sannan tun 2023 FIFA ta maido da jarrabawa da lisansi ga dillalai, ana iya tambayar mutum lambarsa a bincika. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan jirgi. In aka ce uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona don kuɗin biza, to uban ne hajar.

Saura ku Alhazai. Tun 1986 wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan Alhazan Maraɗi, yana bayyana yadda mutanen da yawancinsu ba su zauna a bencin lakwal ba suka gina fatauci daga gyaɗa har ya kai tashoshin teku. Ba wanda zai ce ba ku taimaki ƙwallo ba. Kun sayi riguna, kun cika tankin mota, kun yi kyautar babur ga wanda ya ci ƙwallo ranar da gari ya yi murna. Amma wannan kyauta ce, irin wadda ake yi wa ɗan kokowa in ya yi kaye, kuma kyauta ba ta haihuwa. Ba ɗayanku da zai loda tirela zuwa Kwatano ko Lome ba tare da takardar kaya ba, ko ya ba da bashin buhu ɗari bai rubuta ba. Me ya sa in aka zo kan ƙwallo sai ku bar wayonku a shago? A kowane hutu ana kawo muku labarin wani tsohon gwani da za a ɗauko daga waje ya ceci ƙungiya, ku haɗa kuɗin sa hannu, ya yi wata shida ya ɓace. Wannan cinikin biri a sama ne. Kuɗin da ake zubawa a kan mutum ɗaya irin wannan, da an juya su ga rajistar ƙananan ƙungiyoyi a Tasawa da Mayahi da Agye da Gazawa, da lisansin yara, da ɗan albashin sakatare mai riƙe littafi, da an kafa abin da zai riƙa dawo da kuɗi. Kwantiragin ma a rubuta shi yadda ya kamata: FIFA ta yarda da har shekara biyar ga babba, shekara uku ga wanda bai kai 18 ba, kuma ba abin da ya hana mai sayarwa ya sa sharaɗin cewa yana da kaso a ciniki na gaba. Amma a sani takarda kaifi biyu gare ta. Dokar FIFA ta 2018 ta ce ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu, in ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana da ikon tafiyarsa. Wanda ke son doka ta tsare masa yaro, sai ya biya yaron.

Filin ma ba shi ne matsalar ba. A 2019 Maraɗi ta karɓi baƙuncin wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 tare da Yamai, masu farautar ƴan wasa suka zo daga nesa suka zauna a kujerunmu suna rubuta sunayen yaran wasu ƙasashe. Hanya ta ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa Tasawa, tsakaninta da Maraɗi tafiyar awa biyu ce. Abin da ya rage aikin tebur ne, kuma ba sai an jira Yamai ba. Majalisar komin Kona tana iya taimaka wa samarinta su kafa ƙungiya mai dokoki da shugabanni da asusu, su kai takardunsu ga reshen hukumar ƙwallo na jiha. Masu shirya gasar hutu suna iya sharɗanta cewa ba yaron da zai shiga fili sai da takardar haihuwa, wanda ba shi da ita a taimaka masa ya samu kafin a fara. Ƙungiyoyin Maraɗi kuma, waɗanda ke kukan Yamai na kwashe musu yara, su tuna su ma haka suke kwasowa daga Kona da Urafan da Isawan ba tare da sun bar ko ƙwallo ɗaya a baya ba. In suna son a biya su, su fara biya.

Kafin a buɗe kasuwa mai zuwa, muna da tambaya ɗaya ga reshen hukumar ƙwallo na jihar Maraɗi, kuma amsarta lamba ce: yara nawa ne masu shekara 12 zuwa 15 ke riƙe da lisansi a gundumar Tasawa, nawa ne a gundumar Mayahi, kuma da sunan waɗanne ƙungiyoyi aka rubuta su? Ranar da amsar ta iso, a wannan shafi za mu buga ta.